Kafin Ka Kwashi Yara Zuwa Bakin Dam Ɗin Thomas

Duk lokacin Sallah ko hutun makaranta sai irin waɗannan hotuna su cika Facebook da TikTok: iyali a bakin dam, an shimfiɗa tabarma, ga kulolin abinci, yara sun naɗe wando suna tsalle cikin ruwa. A ƙasa kuma mai hoton ya yi ƙorafin cewa Allah ya ba mu wuraren shaƙatawa amma mun yi watsi da su. Can sai wani ya ɗoro hoton wani tafki na Suwizalan ko Turkiyya, duwatsu sun kewaye shi, ga 'yar siririyar hanya a gefe, uwa da uba da yara suna takawa. Sai ya ce me zai hana a yi irin wannan a Tiga, ko a dam ɗin Thomas da ke nan Ɗanbatta?

Ni ma ina son a yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuma awa ɗaya kullum, kuma ka san yadda hawan jini da ciwon suga suka yi mana kaka-gida. Wurin da magidanci zai fita da matarsa da 'ya'yansa su taka ƙasa ba tare da tsoron babur ba, ba ƙaramin abu ba ne. Matsalata da waɗannan rubuce-rubucen ita ce sun kalli ruwa biyu, sun ga duk ruwa ne, sai suka ɗauka abu ɗaya ne. Alhali kuwa tafkin kan dutse da dam ɗin da aka datse a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma ba halinsu ɗaya ba, kuma yara ne za su fara ɗanɗana bambancin.

Mu fara da siffar wurin. Tafkin da ke tsakanin duwatsu kamar kwano yake mai zurfi. Gefensa a tsaye yake, ko ruwa ya ragu, bakinsa bai cika matsawa ba, don haka hanyar da aka shimfiɗa bana tana nan a bakin ruwa baɗi. Dam ɗin Thomas, wanda aka gina a shekarun 1970 cikin jerin madatsun da gwamnatin Audu Bako ta faro a Kano, ya fi kama da faranti. Ƙasar Ɗanbatta shimfiɗaɗɗiya ce. Ɗauki lissafi mai sauƙi: in gangaren bakin ruwa yana sauka mita ɗaya a cikin kowane mita ɗari, to duk lokacin da ruwa ya ragu da mita ɗaya, bakinsa ya ja da baya mita ɗari kenan. Kuma raguwar dole ce. Damina a nan wata huɗu ce ko ƙasa da haka, sauran watannin rana da iska suna ta shan ruwan, manoman rani suna ja, dabbobi suna sha. Wanda ya zana hanya a watan Satumba yana kallon ruwa a gindin ƙafarsa, in ya dawo a Afrilu zai tarar da fili da laka tsakaninsa da ruwan. Wanda ya zana ta a Afrilu kuwa, a Agusta kifi ne zai bi ta.

Wannan faffaɗan baki marar zurfi shi ne inda zancen ya fi nauyi. Ruwa ne mai ɗumi, ba ya gudu, ga ciyayi irin su kachala da bado. Babu gidan da ya fi wannan daɗi ga wata ƙaramar katantanwar ruwa da masana ke kira Bulinus, wadda girmanta bai kai farcen babban yatsa ba. Ita ce mai rainon ƙwayar tsargiya, ciwon da yaro ke fitsarin jini.

Ga yadda abin yake. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa ko a bakinsa, ƙwayayen tsutsar da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su nemi katantanwa su shige jikinta. A can suke hayayyafa har tsawon mako huɗu zuwa shida, sannan su fara fitowa cikin ruwa dubbai, ido ba ya ganinsu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba sai ka sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, kuma 'yan mintoci sun ishe su. Yaron da ya tsoma ƙafa zuwa idon sawu don a ɗauke shi hoto ya ba su duk abin da suke nema. Daga fata sai jini, su girma, su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, mace tana zuba ƙwai kullum har shekaru. Ƙwayayen da suka maƙale a naman jiki su ne ke yin ɓarnar: ƙarancin jini, kasala a aji, ciwon mafitsara da ƙoda, a wasu ma har sankarar mafitsara bayan shekaru. A mata da 'yan mata ciwon yana taɓa al'aura da mahaifa, kuma sau da yawa ana ɗaukarsa a matsayin ciwon sanyi, a yi ta shan maganin da ba nasa ba.

Wani abin da ya kamata duk mai shirya fita da iyali ya sani: irin wannan tsutsar ta fi fitowa daga jikin katantanwa da tsakar rana, daga hantsi zuwa azahar. Wato daidai lokacin da zafi ya ishi yara suka fara roƙon a bar su su shiga ruwa.

Tafkin Suwizalan da ake nuna mana ba shi da wannan matsala. Ruwansa na ƙanƙara ne, sanyinsa ba ya barin katantanwar nan da tsutsarta su rayu. Ka ga kenan hoton bai yi ƙarya ba, sai dai labarin wani wuri yake bayarwa.

Kuma ba yau aka fara ganin alaƙar dam da tsargiya ba. Bayan an datse Kogin Bolta a Akosombo ta Ghana a 1965, ciwon ya yaɗu sosai a ƙauyukan bakin sabon tafkin. A Senegal, bayan kammala madatsar Diama a 1986, garin Richard Toll ya faɗa cikin annobar nau'in da ke kama hanji, a wurin da da can ba a san shi da ita ba. Wani babban nazari da Steinmann da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya ƙiyasta mutum miliyan 779 ne ke cikin haɗarin kamuwa a duniya, kuma miliyan 106 daga cikinsu suna zaune ne kusa da manyan madatsu ko filayen noman rani. Nijeriya kuwa tana sahun gaba a yawan masu ciwon a duk duniya. Ba ina cewa dam sharri ba ne, wanda ya ci tumatir da shinkafar rani ba zai faɗi haka ba. Cewa nake duk wanda ke kiran iyalai bakin dam bai kawo maganar tsargiya ba, ya bar rabin zancen a aljihu.

Akwai kuma bambanci tsakanin ɗan ƙauyen bakin ruwa da baƙo. Yaran makarantun irin waɗannan yankuna akan raba musu praziquantel lokaci-lokaci. Yaron da aka kawo daga Kano ranar Sallah ba ya cikin wannan lissafin. Zai koma gida lafiya lau, sai bayan wata biyu ko uku a ga ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa, kuma a lokacin babu mai tuna ranar dam. Wasu iyayen ma su ce zafin rana ne, wasu su ce alamar girma ce.

Sai batun nutsewa, wanda ba ya buƙatar dogon bayani ga mutumin Kano. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Faranti ma yana da rami. Tsohon kwarin kogin da aka datse yana nan a ƙarƙashin ruwan, yaro zai yi ta tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya rasa ƙasa. Amma dubi bidiyoyin nan, ka ƙirga rigunan kariya nawa za ka gani a jikin yaran da aka loda a kwalekwale.

Abin da ya fi ba ni haushi a irin rubutun, shi ne yadda ake maganar bakin dam kamar fili ne da ba na kowa ba. A ƙasar Ɗanbatta? Yankin da gona ke manne da gona, kusan kowane taki yana da mai shi? Ƙasar da ruwa ya janye ya bari ita ce ta fi kowace daraja, saboda danshi da laka. Ruwa na ja, manomi na bin sa da shuka. Masunci yana da inda yake ɗaure jirginsa, makiyayi yana da burtalin da yake bi ya kai shanu mashaya, kuma duk wanda ya san kasuwar Ɗanbatta ta ranar Lahadi ya san dabbobin yankin ba kaɗan ba ne. In ka ja layi a taswira ka ce nan ce hanyar iyalai, to cikin albasar wani ka ja shi. Hanyar da aka yi ba da shawarar masu gonaki da mai unguwa da dagaci ba, ko dai a nome ta, ko ta zama sabon dalilin rigima.

Wasu kan ce to a bi ta kan bangon dam ɗin mana, tunda a sama yake kuma an fi ganin ruwa. Saman bangon yana iya ɗaukar masu tafiya, in hukumar da ke kula da shi ta yarda. Gefensa ne ba ya son sawu. Bangon ƙasa ne, duk inda ƙafa ta kashe ciyawa ta yi turba, ruwan sama zai bi nan ya fara zaizaya. Kuma kada wani mai son alheri ya ce zai dasa bishiyoyin inuwa a jikinsa, domin saiwa tana huda bango, in ta ruɓe ta bar wa ruwa ƙofa. Jihar da ta ga ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 bai kamata a koya mata wannan ba.

To wace irin hanya ce za ta yi? Wadda aka ɗora a kan tudu, sama da iyakar da ruwa ke kaiwa a cikar damina, inda za ka ga ruwa amma hannun yaro ba zai kai gare shi ba. Gajeriya, kilomita biyu ko uku, wadda tsohuwa da mai goyo za su iya gamawa. Inuwa daga darbejiya ko tsamiya, nesa da bango. Rijiyar burtsatse don sha da alwala, saboda in babu ita kowa bakin dam zai nufa in azahar ta yi. Sannan banɗaki, wanda na san ba ya kyau a hoto, amma shi ne ke yanke zagayen tsargiya tun daga tushe: in fitsari bai kai ruwa ba, katantanwa ba ta da abin da za ta raina. Allon gargaɗi da Hausa, boko da ajami. Lokacin fita kuwa sanyin safiya ko bayan la'asar, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ba cikin zafin Afrilu ba. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a yankin, ɗalibanta za su iya duba bakin ruwan wata-wata su ga inda katantanwa ta fi taruwa.

In kuma duwatsun ne suka burge ka a hoton, ba sai an ƙaƙaba wa Thomas su ba. Ci gaba kaɗan a kan hanyar Daura ka isa Kazaure, ga tsaunuka nan. A kudu kuma akwai duwatsun Rurum kusa da Tiga. Sai dai ruwan can ma mai ɗumi ne, dokar ba ta canza ba.

Wanda kuma yaransa suka riga suka shiga ruwan dam a Sallar da ta wuce, goge jiki da tawul bayan fitowa ba kariya ba ce da za a dogara da ita. A kai su asibiti a gwada fitsari, a faɗa wa likita ranar da suka shiga ruwan. Ranar tana da muhimmanci, domin praziquantel ya fi kashe tsutsar da ta girma, kuma tana ɗaukar makonni kafin ta girma, don haka likita zai iya cewa a dawo a sake gwaji ko da na farko bai nuna komai ba.