Jinjina ga 'Yan Mishan na Duwatsun Lisu

Duk wanda ya san kwarin kogin Salwin, a lardin Yunan na ƙasar Sin, ya san kai bishara can ba aikin rago ba ne. Ƙauyukan ƙabilar Lisu a maƙale suke a jikin duwatsu. A da, sai an wuni ana hawa a ƙafa ko a kan alfadari kafin a isa wani ƙauye.

James Fraser, Baturen Ingila da ya karanta injiniya a Landan, ya isa Sin a 1908 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta China Inland Mission. Ya kwana a bukkokin Lisu, ya ci abincinsu, ya koyi harshensu. Tare da Ba Thaw, mai wa'azi ɗan ƙabilar Karen daga Bama, suka tsara wa harshen rubutu: manyan haruffan boko, wasu a tsaye, wasu a kife, ɗigo da waƙafi kuma na nuna karin sauti. Hikimar tana burge ni ƙwarai, domin ko manomin da bai taɓa riƙe alƙalami ba yana iya kama ta.

Abin da na fi yaba wa Fraser shi ne ƙin sangarta ikilisiya da kuɗin waje. Masu bi su suka gina majami'unsu, su suke ciyar da masu wa'azinsu. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a garin Baoshan a 1938, amma 'yan mishan John da Isobel Kuhn suka ci gaba da koyar da Littafi Mai Tsarki a makarantar damina.

Da mulkin kwaminis ya sa 'yan mishan barin ƙasar wajajen 1950, Lisu suka riƙe ikilisiyarsu da kansu. A 1992 gwamnatin Sin ta amince da rubutun nan na Lisu a hukumance.