Rufin Asiri ko Rufa-Rufa? Tarke a Kan Ɓoye wa Ma'aikata Halin da Kamfani Yake Ciki

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin tarke a kan wata ɗabi'a ta shugabannin masana'antu, watau ɓoye wa ma'aikata gaskiyar al'amari a lokacin da kamfani ya fara tangal-tangal. Za mu ɗauki masaƙun Arewa a matsayin abin nazari, sa'an nan mu waiwayi kamfanin Intel na Amurka domin kwatanci. Ra'ayinmu shi ne, ma'aikaci mai bin kamfani bashi ne, kuma mai bin bashi yana da haƙƙin sanin halin da wanda yake bi yake ciki.

2.0 Sirri Iri Biyu

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu rarrabe abubuwa biyu da akan cakuɗa. Na farko shi ne sirrin sana'a. Marini ba ya shelar yadda yake haɗa babansa, haka ma masaƙa ba ta bayyana sabon zanen atamfarta kafin ta kai kasuwa. Wannan ba mu da ja a kansa. Na biyu shi ne ɓoye yawan bashi, da faɗuwar ciniki, da shirin sallamar mutane. Shi ne shugabanni kan laƙaba wa sunan rufin asiri.

A wurin Bahaushe, rufin asiri sutura ce da mai ƙarfi yake yi wa mai rauni don kada ya tozarta. Idan kuwa manaja ya ja bakinsa ya yi shiru alhali ya san albashin wata uku masu zuwa babu shi, to kansa ya suturta, ya bar leburansa a rana. Sunan wannan rufa-rufa.

3.0 Masaƙun Arewa

Masaƙar Kaduna, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki a 1957, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. A farkon 1984 ma'aikatanta suka fito zanga-zanga a Kaduna saboda batun rage musu albashi. Gunilla Andrae da Björn Beckman, a cikin littafinsu na 1998 kan ƙungiyar ma'aikatan masaƙun Nijeriya, sun nuna yadda ƙungiyar ta riƙa zama da masu kamfanoni ana ciniki kan matakan tsuke bakin aljihu. Wannan ya nuna cewa ma'aikaci yana iya haƙuri da ragi idan aka zauna da shi.

KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aikinta na Kaduna a 2007, masaƙar Gusau ma ta bi sahu. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: ƙarancin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsufan injuna, da yadin fasa-ƙwauri da ya cika kasuwa. Abin da ya shige wa ma'aikatan KTL duhu shi ne makomar kuɗin sallamarsu: yaushe za a biya, kuma wa zai biya daga cikin jihohin Arewa 19 masu kamfanin? Sun shafe shekaru suna neman amsa, da yawansu sun rasu ba su ji ta ba. Kuɗin sallama albashi ne da aka jinkirta, watau rance ne da lebura ya ba kamfani ba tare da jingina ba. Banki ba ya ba da rance sai ya ga littafin lissafi. Me ya sa lebura kaɗai zai bayar ido rufe?

Daɗin daɗawa, cutar ba ta tsaya a bakin ƙofar masaƙa ba. Tun da jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga ta wannan yanki. Manomi na ƙasar Zurmi ko Shinkafi, a gari irin Gurbin Bore, da damina yake yanke shawarar abin da zai shuka, sai da kaka ya san ko akwai mai saye. Bayan rushe Hukumar Auduga a 1986 babu sauran tsayayyen farashi da zai dogara da shi. Masaƙar da ta ɓoye ciwonta ta cuci wannan manomi ma, ko da bai taɓa ganin ƙofarta ba.

4.0 Misalin Intel

Kada a ɗauka wannan matsala tamu ce mu kaɗai. Intel, mai ƙera 'yan mitsitsin sassan da ke zaman ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya ba da sanarwar rage ma'aikata kimanin 15,000 a watan Agusta na 2024, shekarar da ya yi asarar dala biliyan 18.8. A watan Disamba aka ce shugabansa, Pat Gelsinger, ya yi ritaya, amma jaridu suka ruwaito cewa hukumar daraktoci ce ta matsa masa ya sauka. Ma'aikacin da ya ji magana biyu, ɗaya daga ofis ɗaya daga jarida, gobe wa zai gaskata?

Masu kare shiru suna da hujja. Sukan ce fallasa rauni yana korar masu saye da masu ba da bashi, ƙwararru kuma su tsere, ga dokar kasuwar hannun jari ta hana a fifita wasu da labari. Mun yarda hujjar tana da nauyi, amma iyakarta ta tsara lokaci da hanyar faɗa. Bayan haka, tafin hannu ba ya rufe rana. Mai gadi yana ƙirga motocin da ke fita da kaya, ma'ajin sito ya san auduga ta ƙare. Shiru jita-jita yake haifarwa, masu hanya su gudu tun da wuri, a bar marasa galihu.

5.0 Abin da Doka Ta Tanada

Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta 1974 ya wajabta wa mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata dalili da yawan waɗanda zai sallama, sai dai bai yanke wa'adi ba. Dokar Amurka ta 1988 ta yanke kwana 60. A Jamus kuwa, dokar 1976 ta ba ma'aikata rabin kujerun majalisar sa ido a kamfanin da ya wuce mutum 2,000. Dokar fansho ta 2004 ta raba kuɗin ma'aikaci da aljihun kamfani, amma ta zo bayan an kulle KTL.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, muna ba da shawara uku. Na farko, a sanya wa sashe na 20 wa'adi ƙayyadadde. Na biyu, a riƙa gabatar wa wakilan ma'aikata lissafin da odita ya tantance, su kuma su riƙe amanar abin da ya shafi sirrin sana'a. Na uku, a ajiye kuɗin sallama a asusun da hannun manaja ba ya kai wa. Masu neman farfaɗo da masaƙun Kaduna da Gusau sukan yi maganar jari da injuna. Muna tunatar da su cewa 'ya'yan waɗanda ba a biya ba su ne za a nema su tsaya a gaban injin, kuma za su tambaya.