Jinjina ga Masu Hango Gobe da Alƙalami

Marubutan ƙagaggun labaran kimiyya sun cancanci jinjina, musamman waɗanda suka ɗora wa yara nauyin al'umma. Umaru Dembo ya buɗe mana ƙofa a 1969 da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya leƙa sararin samaniya.

A 2007 kuma Nnedi Okorafor ta kafa labarin The Shadow Speaker a Nijar ta shekarar 2070. Yarinya Ejii, wadda aka kashe mahaifinta, azzalumin shugaba, a kan idonta, ta ratsa hamada don hana yaƙi. Nan marubuciyar ta fi burge ni, domin Ejii ta zaɓi kare rayuka alhali tana da dalilin ramuwa.

Duk yarinyar garin Ɗan Gulbi mai goyon ƙanenta ta san irin wannan nauyi tun tana ƙarama. Ya kamata a fassara mata littafin Okorafor zuwa Hausa.