Gadon Mishan Katolika a Bakin Komadugu: Sharhi a kan Abin da Aka Rubuta

Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa a gabatarwar rahotannin yaƙi da jahilci, wai ƴan mishan su ne suka fara sa harsunan Afirka a takarda, kuma su ne suka share wa makarantar zamani fage. Maganar tana da gaskiyarta a ƙasar Yarabawa da ta Ibo da kudancin Dahome. Amma idan aka ɗauko ta ɗungurungum aka aza ta a kan kudancin jahar Difa, watau ƙasar da ta bi gaɓar Komadugu daga wajen Maine-Sorowa, ta ratsa Difa da Assaga har Boso, sai ta kasa tsayuwa da ƙafarta. Ya kamata a tantance wannan, domin mai tsara karatun manya da ya yi kuskure game da wanda ya riga shi rubutu a wuri, zai yi kuskure game da abin da zai tarar a hannun ɗalibansa ranar da ya buɗe aji.

Nazari mafi inganci a kan farkon alaƙar Katolika da daular Barno shi ne maƙalar da masanin tarihi Richard Gray ya buga a mujallar Journal of African History a 1967. Gray ya yi aiki da takardun ofishin yaɗa addini na Ruma, ya fito da labarin limamai biyu ƴan ɗariƙar Faransiskan, Carlo Maria na Janowa da abokin tafiyarsa Severino. An naɗa Carlo Maria shugaban mishan na Barno tun bai taɓa taka ƙasar ba. Sun tashi daga Tarabulus a 1710, suka bi ta Fezzan, suka sauka Agadas, daga nan suka gangara Katsina, inda ciwo ya kama su, suka rasu a 1711. Birnin Gazargamu, wanda yake kusa da Komadugu kuma shi ne fadar Mai a zamanin, ko hango ganuwarsa ba su yi ba. Abin da ya taso su kuwa shi ne labarin da fatake da bayi suka riƙa kai wa Tarabulus cewa a kudu da Barno, a Kwararafa, akwai mutane masu rataye gicciye.

Ƙarfin maƙalar yana cikin tsantseninta wajen bin takardu ɗaya bayan ɗaya. Rauninta kuwa na harshe ne, kuma shi ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. Labarin “Kiristocin” Kwararafa ya bi ta bakuna da yawa kafin ya isa Ruma: daga Barbarci ko Hausa zuwa Larabcin fatake, daga nan zuwa Italiyanci. A kowace gaɓa kalma tana iya sauya kaya. Bafatake Musulmi yana da sunayen da yake kiran wanda ba ya salla, arne ko kafiri, kuma mai saurare da yake ɗokin jin labarin ƴan'uwansa a addini ba zai sha wuya ba wajen fassara “ba Musulmi ba ne” ta zama “Nasara ne”. Zanen gicciye shi ma shaida ce mai rauni, tunda maƙeran Abzin sun daɗe suna ƙera abin wuya mai wannan siffa, ba wanda ya ce musu ƴan coci. Gray ya yi taka-tsantsan daidai gwargwado, amma ya bar ƙofa a buɗe ga zaton cewa akwai ɓurɓushin Kiristanci da ya taso daga Nuba, kuma waɗanda suka ɗauko daga gare shi sun fi shi sakin baki.

Bayan wannan sai dogon shiru. Faransawa sun mallaki ƙasar, tawagar Tilho ta shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, Komadugu ta zama layin da ya raba dangi ɗaya gida biyu, duk ba a kafa mishan Katolika ko ɗaya a Nijar ba. Sai a 1931 Fada François Faroud, ɗan ƙungiyar Mishan ta Afirka mai cibiya a Liyon, ya zauna a Yamai. A 1942 Ruma ta mai da Yamai yankin mishan mai zaman kansa, a 1948 aka danƙa shi ga ƴan ɗariƙar Redamtoris a ƙarƙashin Constant Quillard, a 1961 ya zama dayosis, Hippolyte Berlier ya zama bishop na farko, ya riƙe har 1984. Difa tana da nisan fiye da kilomita 1,300 daga Yamai, kuma daga can ake kula da ita har 2001, shekarar da aka kafa dayosis na Maraɗi aka haɗa masa Agadas da Tawa da Damagaram da Difa, aka naɗa Ambroise Ouédraogo. A ɗaya gaɓar kogin ma tafiyar ba ta fi wannan sauri ba. Limaman Liyon sun sauka Shandam a 1907, amma Maiduguri ba ta zama yankin mishan ba sai 1953, a hannun ƴan ɗariƙar Agustin daga Ailan, ta zama dayosis a 1966. Littafin da André Berthelot ya wallafa a 1997 a kan rayuwar Berlier misali ne na yadda aka saba rubuta wannan tarihi: tarihin shugaba ne, da Faransanci, ana hangen ƙasar daga Yamai.

To, su wa suka rubuta Barbarci da Hausa da haruffan boko? Nahawun Barbarci na S. W. Koelle ya fito a 1854, tare da tarin tatsuniyoyi da karin magana da labarai. Koelle ɗan mishan ne na cocin Ingila, kuma a Firitawun ya yi aikin, bai zo Barno ba. Malaminsa shi ne Ali Eisami, mutumin Gazir, watau lardin da ya kewaye Gazargamu, wanda aka kama bawa bayan faɗuwar birnin a 1808. Abin lura a nan shi ne Barbarcin da ke cikin wannan aiki daga bakin ɗan wannan kwari ya fito, kuma sunansa ya cancanci ya riga na Koelle a littattafan ƴan makarantar Difa. Haka Hausa: J. F. Schön, shi ma na cocin Ingila, ya buga nahawu a 1862, ƙamus a 1876, Magana Hausa a 1885, kuma babban kaso na abin da ke ciki daga bakin Dorugu ne, yaro ɗan ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Ingila. A ɓangaren Faransawa, Landeroin, wanda ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa tare da Tilho, tafintan soja ne. P. Noël, mai ɗan littafin Faransanci da Barbarci na 1923, likitan soja ne a Bilma. Daga baya sai malaman jami'a, Lukas a 1937, Hutchison a 1981, Cyffer da Hutchison a 1990. Cikin waɗannan manyan ayyuka babu sunan limamin Katolika ko ɗaya.

Wannan ba ya nufin limaman ba su iya aikin harshe ba, kuma rashin adalci ne a bar mai karatu da wannan zato. Fada Eugène Sirlinger ya rubuta ƙamus da nahawun Goemai a Shandam. André Prost ya buga nazarin Sanwai da kare-karensa a 1956. Chantoux da Gontier da Prost sun fitar da nahawun Gurmanci a 1968, Fada Yves Bernard da Mary White-Kaba suka fitar da ƙamus na Zabarmanci a 1994. Ƙamus na Buzanci na Charles de Foucauld, wanda aka kashe a Tamanraset a 1916, an buga shi cikin juzu'i 4 a 1951 da 1952, kuma har yau ba a ture shi gefe ba. In aka cire Foucauld, wanda ya yi aikinsa a cikin jama'ar da ba ta bar addininta ba, sauran duk sun zurfafa a harshen wuraren da suka sami mabiya ƴan ƙasa ko suka sa ran samu. A bakin Komadugu kuwa Musulunci ya riga su da ƙarnoni, tun zamanin da sarakunan Kanem suka musulunta a ƙarni na 11.

Akwai wasu dalilai biyu da marubuta tarihin coci suke wucewa da sauri, alhali su ne suka yanke al'amarin. Na farko dokar 14 ga Fabrairu 1922 ce, wadda ta wajabta cewa duk makaranta mai zaman kanta a Afirka ta Yamma ta Faransa da Faransanci za ta koyar. Wannan doka ta takura wa ƴan SIM, waɗanda suka sauka Damagaram a 1924 da littattafansu na Hausa daga Nijeriya, amma ba ta dami limaman Katolika ba, tunda Faransanci harshensu ne na gida. Na biyu shi ne babbar ibadar Katolika da Latin ake yin ta, har sai da taron Vatikan na biyu ya ba da izinin amfani da harsunan jama'a a ƙarshen 1963. Mabiyan kuma, a garuruwan gabas, galibi ma'aikata ne da sojoji da ƴan kasuwa daga Dahome da Togo da Haute-Volta da kudancin Nijeriya. Cocin da mabiyansa baƙi ne masu jin Faransanci ba shi da abin da zai tilasta masa haɗa ƙamus na Barbarci. Gadon da ya bari a Nijar na makaranta ne da asibiti da agaji, kamar makarantar Mariama ta Yamai da ayyukan Caritas, kuma makarantar ta Faransanci ce.

Littafin Barbara Cooper na 2006 a kan Kiristocin Maraɗi ya fi kowane kusantar tambayoyin da suka shafi masanin harshe, domin ya dubi yadda aka fassara addini zuwa Hausa da irin gardamar da kalmomi suka jawo. Sai dai SIM da cocin da ya tsiro daga gare ta ya nazarta, a ƙasar Hausa, kuma kuskure ne a ɗauki hukuncinsa a shafa wa Katolika a ƙasar Barebari. Abin da za a iya ɗauka daga irin wannan nazari shi ne darasin kalmomi. Duk wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, tun bugun 1932, zai tarar da Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, addu'a, Attaura, Zabura, Almasihu. Dukansu daga Larabci suka shigo Hausa, ta hannun malaman zaure. Masu fassara sun tarar da rumbu cike suka ɗiba, kuma inda suka yi saɓani, kamar tsakanin Isa da Yesu, a kan ko za a ari kalmar Musulmi ko a ƙi ta ne saɓanin ya tsaya.

Nan ne maganar “su suka fara rubutu” ta fi yin ɓarna. A 1960 A. D. H. Bivar ya ba da labarin wasu tsofaffin Alƙur'anai na Barno masu sharhi a gefe da tsakanin layuka, wasunsu na ƙarni na 17, kuma binciken Dmitry Bondarev ya nuna harshen sharhin tsohon Kanembu ne, kakan Tarjumon da malaman Barno suke fassara da shi. Ke nan lokacin da Carlo Maria yake shirin tashi daga Tarabulus, malaman Gazargamu sun riga sun saba da rubuta harshensu da haruffan Larabci. Taron Bamako na 1966, wanda ya tsara haruffan Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci da Zabarmanci, boko kaɗai ya duba. Makarantun gwaji da aka fara a Damagaram a 1973 da ƙa'idojin rubutu na 1999 sun bi sahunsa.

Shekarar 2015 ta mai da wannan tambaya ta gaggawa. A watan Janairu aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a zanga-zangar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo. Ran 6 ga Fabrairu ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. A cikin shekarar mutanen Assaga, manoman tattasai da masunta, suka bar bakin kogi suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya ta 1, tare da ƴan gudun hijira daga ɗaya gaɓar. A aji ɗaya na irin wannan sansani ana iya samun yaron da ya fara karatu da Ingilishi a Damasak, da wanda ya fara da Faransanci, da babba wanda bai taɓa shiga lakwal ba amma ya yi shekaru yana rubuta allo. Harshen gidansu Barbarcin Mobar ne, alhali littattafan Nijar sun fi jingina da karin Manga, na Nijeriya da karin Yerwa, Hausa kuma ita ce ta kasuwa da ta ma'aikatan agaji.

Mai tsara shiri da ya ɗauka mishan ce ta kawo rubutu bakin Komadugu zai lissafa mai allon nan cikin jahilai, ya fara masa daga baƙin farko. Zai kuma ƙarfafa, ba da niyya ba, zargin da ya daɗe a zukata cewa haruffan boko kayan coci ne, a ƙasar da aka zubar da jini a kan kalmar. Takardun da aka duba a sama ba su goyi bayan wannan zargi ba game da Difa: bokon da ya iso nan ta hannun kumandan da lakwal ta gwamnati ya iso, bayan ƴancin kai kuma ta hannun ma'aikatar yaƙi da jahilci. Fom ɗin rajistar masu shiga ajin manya a Assaga yana buƙatar layi ɗaya da zai tambayi ko mutum yana karanta ajami, kuma a raba ajin bisa amsar.