Babban Yatsan Maɗori

Wani matashi ma'aikacin jinya, ɗanmu ne na unguwar New Bell a Duwala, ya tsaya a majalisarmu bayan la'asar ya ce da shi ke da iko, da ya rufe gidan kowane mai ɗori tun daga Kasuwar Kongo har ƙetaren gada, Bonaberi. Hujjarsa ita ce ƙafar wani ɗan bensikin, wato mai babur na haya, da aka ɗaure tamau da kara, jini ya daina kaiwa ga yatsu, ta ruɓe, aka yanke. Ban musa masa ba, irin wannan na faruwa, kuma likitocin asibitin ƙashi na Dala a Kano sun daɗe suna kuka a kai. Amma wake ɗaya ne ya ɓata masa gari. Ya ga aikin mutum ɗaya ya yanke wa sana'a hukunci, alhali bai taɓa zama ya kalli maɗorin gado yana duba targaɗe ba.

Ɗori dai gado ne, kamar ƙira da wanzanci, kuma ya zo Duwala tare da fataken goro da shanu. Jamusawa ne suka yanka New Bell daf da yaƙin 1914, lokacin da suka ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin ruwa, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell a watan Agustan shekarar. Baƙi suka cika unguwar, Hausawa suka zo da malaminsu da mahaucinsu da wanzaminsu da maɗorinsu. Da baburan haya suka mamaye gari daga shekarun 1990, ga damina mai mayar da lungu kwata, sai aikin maɗori ya ninka. Da yawa cikin abin da ake kai masa ma idon sawu ne da ya gurɗe ya kumbura, karaya ta gaske kaɗan ce a ciki.

Masu yabon ɗori kan tsaya a kan tofi, masu sukarsa kan tsaya a kan kara da tsumma. Dukkansu sun bar jaki suna dukan taiki. Gwanintar tana cikin abin da ke faruwa kafin a buɗe gwangwanin man kaɗanya, wato lalube.

Zauna ka kalli dattijon maɗori. An shigo da yaro ana riƙe da shi, ƙafa ta yi suntum. Ba ya taɓa ta tukuna. Tambaya yake fara yi: yaya ka faɗi, ina ƙafar ta juya, ka ji ƙara, ka iya tashi da kanka? Amsar da ya fi ji ita ce tafin ƙafa ya karkata ciki, nauyin jiki ya faɗa kan gefen waje. Irin wannan juyi jijiyoyin da ke ɗaure ƙashin idon sawu na waje yake ja ko ya yaga, shi ya sa kumburin targaɗe ke fara tashi a gaba da ƙasan wannan ƙashi, kamar an cusa ƙwai. Sai ya ce a miƙo lafiyayyar ƙafar. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka tsufa ne ya sa ya rikice, nan kuwa awo yake ɗauka, don ƙafar kowa da irin ƙirarta.

Sannan babban yatsa ya fara tafiya. Ba ya farawa daga inda kumburi ya fi tsayi, domin nan ko'ina ka taɓa ihu za a yi, ba za ka koyi komai ba. Daga sama yake gangarowa, ta bayan ƙashin idon sawu na waje, yana danna ƙashi zalla har ya kai ƙarshensa. Ya koma na ciki ya yi haka. Ya bi gefen ƙafa zuwa wani ɗan tudun ƙashi da ke tsakanin diddige da ƙaramin yatsa, ya danna. Ya matsa agara ya ji ko tana nan a miƙe. Duk wannan lokaci idonsa na kan fuskar yaron, don baki na iya cewa ba zafi saboda kunya ko jarumta, amma gira ba ta ƙarya. In zafin yana cikin nama, targaɗe ne. In yatsa ya sauka kan ƙashi yaro ya zabura, magana ta canza. Daga ƙarshe ya ce: “Tashi ka taka mini, ɗana.” Ko da ɗingishi ne, in ya taka, hankali ya kwanta.

A 1992 wani likita mai suna Ian Stiell da abokan aikinsa a birnin Otawa na Kanada suka fitar da ƙa'idar sanin wanda ya kamata a yi wa hoton ƙashi bayan ya gurɗe, don an gaji da ɗaukar hoton ƙafafun da ba su karye ba. Ƙa'idar ta ce a danna bayan ƙasusuwan idon sawu biyu, tsawon santimita 6 daga ƙarshensu, a danna gindin ƙashin ƙaramin yatsa da wani ƙashi a cikin tsakiyar ƙafa, sannan a ga ko mutum zai iya taku huɗu. Yau ana koyar da ita a makarantun likita na duniya. Ban ce a New Bell suka koyo ta ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya yi shekara arba'in yana taɓa ƙafafu, da wanda ya tara takardun dubban majinyata, hanya ɗaya ƙashi ya nuna musu. Ɗanmu ma'aikacin jinya ya haddace wannan ƙa'ida da Faransanci, amma ba zai gane ta ba in ya gan ta sanye da jamfa.

Ba zan rufe ido a kan abin da ke biyo bayan lalube ba, don a nan ne wasu ke ɓata rawarsu da tsalle. Murza sabon targaɗe da ƙarfi har mutum ya sume ƙara yaga jijiya ne, kome sunan da aka ba shi. Gashi da ruwan zafi a ranar farko buɗe hanyoyin jini yake yi, kumburi ya ƙaru, gara a bari sai bayan kwana biyu ko uku. Kiran wanzami ya tsaga kumburi don a fitar da mataccen jini, a garin da ruwan kwata ke shiga ɗaki, gayyatar ƙwayar cuta ne. Abin da ke aiki sananne ne: a ɗaga ƙafa ta fi ƙirji tsayi in an kwanta, a naɗe ta ɗaurin da yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa, a fara takawa a hankali da zarar zafi ya lafa. Ƙanƙara a cikin tsumma tana rage raɗaɗi, amma kada a mai da ita addini, domin Gabe Mirkin, likitan Amurka da ya yaɗa ta a 1978, da kansa ya dawo a 2014 ya ce yawanta na iya jinkirta warkewa. Yatsu kuwa in suka yi sanyi, ko suka mutu, ko zafi ya riƙa hauhawa a ƙarƙashin ɗauri, a kwance nan take, ba sai an jira ranar da aka ce a dawo ba.

Tsoffin maɗora na da wata kalma da nake ganin ta fi duk man da suke shafawa daraja: “Wannan ba nawa ba ne.” Kumburin da ya zo ba faɗuwa, ƙafa biyu, ka danna yatsa ya bar rami, yana iya zama na zuciya ko ƙoda ko hanta, ko ma wani maganin hawan jini da mutum ke sha. Mai ciki da ƙafa da fuska suka kumbura tana ciwon kai, asibiti za ta a ranar. Direban da ya sauko daga Njamaina ko Bangi bayan kwanaki a zaune, ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa na ciwo, ana tsoron jini ne ya daskare a jijiya, kuma tausa na iya tura gudan zuwa huhu. Gaɓar da ta yi ja da zafi cikin dare, ko da zazzaɓi, ko a ƙafar mai ciwon suga, duk ba aikin kara ba ne. Maɗorin gado yana gane waɗannan tun a tambayar farko, tunda babu labarin faɗuwa, sai ya ce a wuce asibitin Lakantini ko na Bonasama.

Me ya sa shi yake iya faɗin haka, ɗan koyo ba ya iya? Ni dai a ganina kuɗi ne. A al'adar gado ba a ciniki a kan ɗori, abin da ka bayar sadaka ce, don haka korar majinyaci zuwa asibiti ba ta rage wa dattijo komai. Ranar da aka kafa allo a bakin titi aka yanka farashi, jaka kaza targaɗe, jaka kaza karaya, ranar kowane kumburi ya zama na mai allo, har da na ƙoda. Ƙafar ɗan bensikin da aka yanke, na tambayi ɗanmu ko a zauren gado aka ɗaure ta ko a shagon mai allo. Ya ce bai tambaya ba.