Begen Jiya a Ganɗoki da Jiki Magayi

Matafiyin da ya tashi daga Minna ya bi ta Zungeru ya kai Tegina, saura ƙiris ya shiga Kagara, garin da ya ba adabin Hausa marubuta biyu 'yan gida ɗaya, Malam Bello Kagara da ƙanensa Abubakar Imam. Dukansu sun yi fice a gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East. Jama'a sun fi riƙe Ruwan Bagaja na Imam saboda shaƙiyancin Malam Zurƙe, amma mai neman sanin yadda Bahaushe ya fara rubuta bege, Ganɗoki na Bello zai buɗe.

Jarumin Bello mayaƙi ne na Kwantagora a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse, wanda Turawa suka ci garinsa a 1901. Takobi ya gaza a gaban bindiga, sai marubucin ya ɗauke gwarzonsa ya kai shi gabas, cikin duniyar aljanu, inda har yanzu ƙarfin damtse ke da rana. A ganina wannan sashe, da wasu ke ɗauka tatsuniya ce kurum, shi ne zuciyar littafin. Bello, malamin da ke koyarwa a makarantar Turawa a Katsina, ba shi da halin fitowa ya yi kukan mulkin da ya faɗi, sai ya gina masa masauki a ƙasar da ba Nasara.

Ganɗoki zamani yake bege. Wanda ya yi begen mace shi ne Abubakar na Jiki Magayi, littafin John Tafida Wusasa da East. Abubakar da Zainab suna son juna, sai attajiri Malam Shehu, mai dukiya ba ɗa, ya shigo neman aure, kuɗi suka yi rinjaye. Daga nan Abubakar bai sake zama mutum ba. Ya bar gida ya shiga uwa duniya neman asirin ramuwa, asirin kuma ya faɗa kan yaron da Zainab ta haifa, Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo har ajalin mahaifinsa ya zo ta hannunsa.

Abin lura, tun da aka ɗaura auren nan, Zainab ta gaske ta fita daga lissafin Abubakar. Bai tsaya ya tambayi kansa wace uwa ce za ta sha baƙin cikin ɗan da ya lalata ba. Wadda yake ɗauke da ita a zuci budurwa ce ta kafin zuwan Malam Shehu, ba ta tsufa, ba ta haihuwa, ba ta da ra'ayin kanta. Son irin wannan mace ba wuya, tunda ba ta musu. Da ma da gaske Zainab yake so, ai ɗanta ne abu na ƙarshe da zai taɓa. Abin da ke cin sa wulaƙancin talauci ne, ya sa masa rigar soyayya.

Masu karatun Turanci za su tuna The Great Gatsby na Fitzgerald, wanda ya fito a Amurka a 1925. Can ma matalauci ne ya rasa masoyiyarsa Daisy ga mai kuɗi, ya tara dukiya don ya dawo da jiya, ya ƙare a hannun mai bindiga. Bambancinsu, Fitzgerald ya bar wa jaruminsa ɗan kwarjini, mai karatu na tausaya masa. Tafida da East kuwa ba su yi wa nasu kwalliya ko kaɗan ba.

Da littattafan soyayya suka kunno kai, daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980 zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, sai aka juya akalar. Mace ta sami baki, ita ke zaɓe, ita ke ƙin mai kuɗi, kuma wannan ci gaba ne babba da ba mai musunsa. Sai dai da yawa daga waɗanda suka biyo bayansu sun mai da so abin da ba ya laifi, masoyi kullum shi ke da gaskiya. Tambayar da Jiki Magayi ya ɗora, ko mai bege na iya zama azzalumi, ta yi ƙaranci a cikinsu.

Minna gari ne na marubuta, a nan Abubakar Gimba ya rayu ya yi rubutu har rasuwarsa a 2015, kuma matasa na taruwa karatun adabi. Ina roƙon malamai da masu shirya waɗannan zama su haɗa wa ɗalibai Ganɗoki da Jiki Magayi a karanta tare, don ƙanana ne, mako guda ya ishe su.