Kyautar waƙa da dokar Kamaru

Ana yawan ba matasan mawaƙanmu na Mokolo da Garwa shawarar su saki waƙoƙinsu a ƙarƙashin CC0, takardar da ƙungiyar Creative Commons ta Amurka ta fitar a 2009, wadda mai fasaha ke cewa da ita ya yafe haƙƙin mallakarsa ga duniya. Wai haka ne waƙa za ta yi nisa. Ni dai ban gamsu ba.

Masu wannan shawara ba sa duba dokarmu ta 19 ga Disamba 2000. A Kamaru, haƙƙin a ambaci sunan mai waƙa, kuma kada a lalata masa ita, ba ya sayuwa, ba ya kyautuwa, ba ya ƙarewa. Haƙƙin kuɗi ne ke faɗuwa, shekara 50 bayan rasuwa, don haka waƙoƙin marigayi Ali Baba na Garwa, da ya rasu a 2004, sai bayan 2054. Ko a lokacin ma, mai son cin riba da su sai ya sanar da ministan al'adu ya biya wani kaso.

To, me yaro zai yafe? Kuɗin ne kawai, kuma CC0 ba a janye ta. Mai tura waƙa a memori a kasuwa dama bai taɓa neman izininsa ba, balle ya biya. Wanda takardar za ta sauƙaƙa wa shi ne kamfanin talla ko na fim, wanda doka ke iya kamawa, kuma shi kaɗai ne mai abin biya.